Daga Kano zuwa Birnin Meksiko: amsoshin tambayoyin masu karatu

Wasiƙun da muka ware a wannan fitowar duk gari ɗaya suke tambaya a kai, wato Birnin Meksiko, babban birnin ƙasar Meksiko da ke kudu da Amurka. Mun taƙaita tambayoyin, mun kuma cire sunayen masu su kamar yadda muka saba. Farashin da muka ambata na lokacin rubutu ne.

Assalamu alaikum. Ni ɗan kasuwar zoɓo ne a Dawanau. Na daɗe ina sayar wa masu lodawa zuwa Meksiko, yanzu wani kamfani a can ya ce in zo mu ga juna. Ta ina zan fara, kuma wane jirgi ake hawa daga Kano?

Wa alaikumus salam, Alhaji. Kada ka fara da tikiti, fara da biza. Mai fasfon Najeriya ba ya shiga Meksiko sai da ita, kuma ofishin jakadancinsu yana Abuja. Ana neman ranar ganawa tukuna, sannan mutum ya je da ƙafarsa, domin za a yi masa tambayoyi, a ɗauki hotonsa da zanen yatsunsa. Ka tafi da fasfo mai sauran aƙalla wata shida, da hoto, da bayanan asusun banki na watannin baya, da takardun rajistar kasuwancinka, da takardar gayyatar kamfanin. Ita takardar gayyatar ta fito da cikakken sunanka kamar yadda yake a fasfo, da dalilin zuwa, da yawan kwanaki, da wanda zai ɗauki nauyin masauki. Inda mutanenmu suka fi faɗuwa shi ne asusun da ya kwana biyu ba motsi, sai ga miliyoyi sun faɗo mako guda kafin ganawa. Jami'in ya san kuɗin aro in ya gani. Gara asusun da kuɗin kasuwa ke shiga suna fita kullum, ko bai kai wancan ƙiba ba.

Akwai sauƙi ga wanda yake da biza mai rai ta Amurka, ko Kanada, ko Ingila, ko Japan, ko ta ƙasashen Turai na yankin Shengen: Meksiko tana barinsa ya shiga da ita ba sai ya nemi tasu ba. Sai dai a duba ko ta shiga da yawa ce. A watan Yulin 2025 Amurka ta mayar da mafi yawan bizar baƙunta da take ba 'yan Najeriya ta shiga ɗaya, mai wata uku. Mai irin wannan kada ya dogara da ita sai ofishin jakadancin Meksiko ya tabbatar masa a rubuce.

Batun jirgi kuwa, babu wanda ke tashi daga Najeriya ya sauka Meksiko kai tsaye. Dole a ya da zango, kuma a nan ne tikiti mai arha yake cin mutum. In hanyar ta bi ta Amurka, sai da bizar Amurka, ko da sa'a biyu za ka yi a filin jirgi, domin su ba su da wurin zaman masu ratsawa, kowa sai ya bi ta hannun jami'an shige da fice. In ta Faris ce, ko Amsterdam, ko Frankfurt, ko Madrid, Najeriya tana cikin ƙasashen da ake neman bizar ratsa filin jirgi daga 'yan ƙasarsu, sai wanda wata bizar da yake riƙe da ita ta ɗauke masa. Landan ma haka. Shi ya sa da yawa suke zaɓar Turkish Airlines daga Abuja ko Legas zuwa Istanbul, daga can jirgi ɗaya har Birnin Meksiko, tafiyar wajen sa'a goma sha huɗu zuwa sha biyar a sama. Nan ma a tambaya, domin tun 2024 Turkiyya ta ɗora wa 'yan wasu ƙasashe bizar ratsawa ta intanet in Meksiko suka nufa. Emirates tana zuwa daga Dubai, amma tana sauka Barcelona a hanya, ƙasar Sifen ke nan, don haka ka ji matsayin fasfonka kafin ka biya.

Ka sa a yanka maka tikiti ɗaya tun daga farko har ƙarshe. Tikiti biyu daban-daban yana nufin ka fita ka ɗauki jakarka ka sake awo a ƙasar da ba ka da izinin shigarta. Daga filin jirgin Malam Aminu Kano zuwa Abuja kuwa, ka tafi tun ana gobe, kada jinkirin jirgin gida ya sa ka rasa babban.

Kano tana gaban Birnin Meksiko da sa'a bakwai. Ƙarfe bakwai na dare a nan, sha biyun rana ne a can. Ka gaya wa yaran shago, kada su riƙa tashinka da tsakar dare don jin farashin buhu.

Malama ce ni a wata jami'a a nan Kano, zan halarci taron kwana biyar. Na samu biza. Me zan tarar in na sauka?

Malama, biza izinin zuwa bakin ƙofa ce, jami'in shige da fice na filin jirgi shi ke da ta cewa. Ba a ɓoye ba ne cewa suna tsananta wa masu fasfon ƙasashen Afirka, saboda zargin cewa iyakar Amurka suka nufa. Don haka ki buga komai a takarda, ki sa a jakar hannu: tikitin dawowa, shaidar kama ɗaki a otal, takardar gayyata, jadawalin taron, da lambar wayar wanda zai ɗaga in an kira shi a daidai lokacin saukarki. Kada ki dogara da waya, domin in aka ware mutum zuwa ɗakin bincike na biyu, sau da yawa ana karɓe ta. Ki amsa abin da aka tambaye ki kaɗai, kuma amsar ta dace da abin da ke takarda.

Iyakar zaman baƙo kwana 180 ne, amma ba kowa ake ba duka ba. Jami'in zai buga hatimi ya rubuta yawan kwanakin da hannu. Ki duba kafin ki bar gabansa. In ya rubuta bakwai alhali tikitinki na kwana tara ne, a nan take ake gyarawa, ba bayan an fita ba.

Kilishi, dambun nama, daddawa, ɗanyen goro, iri na shuka, duk ki bar su a gida. Jami'an kiwon lafiyar tsirrai da dabbobi suna nan da karnukansu, kuma nama shi ne farkon abin da suke ƙwacewa. Wannan ya shafi Alhajin Dawanau ma: samfurin zoɓo a aika shi ta hanyar da kamfanin ya tsara da takardunsa, kada a cusa shi cikin babbar riga. Kuɗin da ya haura dala 10,000 dole a bayyana shi.

Naira ba ta canzuwa a can, sai ki yi canjin dala tun daga Wapa ko banki, sababbin takardu marasa yagewa ko rubutu. Kuɗinsu feso ne, kuma alamarsa ita ce wadda muka sani ta dala. In kin ga $60 a jikin kofin shayi, kada gabanki ya faɗi, feso sittin ne. In kin sa kati a na'urar cirar kuɗi ta tambaye ki ko ta yi miki canjin da kanta, ki ƙi, farashinta ya fi na bankinki tsada.

Filayen jirgi biyu ne, a lura. Na cikin gari shi ne Benito Juárez, alamarsa MEX, mai tashoshi biyu. Ɗayan, Felipe Ángeles, alamarsa NLU, an buɗe shi a 2022, yana can arewa, kimanin kilomita 45 daga tsakiyar gari. In kina da jirgin cikin gida daga baya, ki duba daga wanne zai tashi. Daga MEX zuwa masauki, akwai rumfunan tasi masu izini a cikin ginin. Ki faɗi unguwa, ki biya a nan, a ba ki takarda, ki miƙa wa direba a bakin layi. Duk wanda ya tare ki a zaure yana cewa tasi, tasi, ki wuce shi. Ki kuma ce ƙaramar mota kike so, don in ba ki faɗa ba ana iya yanka miki ta babba mai tsada.

Abu na ƙarshe, soket ɗinsu mai siraran baki biyu ne irin na Amurka, wutar kuma bolt 127 ce, tamu 230. Cajar waya da ta kwamfuta za su yi aiki da mahaɗin soket, wato adafta. Dutsen guga da butar lantarki na gida kuwa sai dai su yi ɗumi-ɗumi.

An ce garin ya fi Legas girma da cunkoso. Ni ba na jin Sifaniyanci. Yaya zan yi zirga-zirga?

Malam, birnin da kewayensa sun haura mutum miliyan 21, kuma cunkoson gaskiya ne. Tafiyar kilomita goma a mota da ƙarfe shida na yamma tana iya cin sa'a guda da rabi, balle in ruwa ya sauko. Maganin farko shi ne masauki kusa da inda aikinka yake. Baƙi sun fi sauka a unguwannin Roma, Condesa, Juárez, Polanco, da gefen babban titin Reforma.

Na biyu, ka sayi katin sufuri da suke kira Movilidad Integrada a tashar farko da ka shiga. Feso 15 ne, sai ka zuba masa kuɗi. Da shi ake hawa jirgin ƙarƙashin ƙasa, wato Metro, feso 5 ko ina za ka, komai yawan canjin layi muddin ba ka fita ba. Da shi ake hawa Metrobús, dogayen jajayen motocin da ke da hanyarsu ta daban a tsakiyar titi, feso 6. Akwai ma kwandunan da ke tafiya a kan igiya ta sama zuwa unguwannin kan tudu, feso 7.

Metro ta fara aiki a 1969, yanzu layi 12 ne da tashoshi 195. Abin da zai yi maka daɗi shi ne an tsara ta ne da tunanin wanda bai iya karatu ba. Kowane layi da launinsa da lambarsa, kowace tasha kuma da hotonta. Chapultepec fara ce, Candelaria agwagwa a ruwa, Merced akwatin tuffa. Ko ba ka iya furta sunan ba, ka ƙirga tashoshi ka jira hotonka. Kalmomi uku suka ishe ka: Dirección, wato inda jirgin ya dosa, ana rubuta sunan tashar ƙarshe ta layin, Correspondencia, hanyar canza layi, Salida, mafita. Misali, kana son zuwa babban dandalin Zócalo: layi na 2 ne, shuɗi, wanda ya taso daga Cuatro Caminos ya ƙare a Tasqueña. Ka duba taswira ka ga ta wane ɓangare tasharka take, ka bi allon da ke ɗauke da sunan ƙarshen wannan ɓangaren. Kuskuren baƙo kusan kullum ɗaya ne, ya hau layin daidai amma ya juya baya. In haka ta faru ka sauka a tasha ta gaba ka tsallaka.

Metro tana buɗewa ƙarfe biyar na asuba ranakun aiki, shida ranar Asabar, bakwai ranar Lahadi, ta rufe sha biyun dare. Taragun gaba na mata ne da ƙananan yara, akwai shinge da ɗan sanda, namiji kada ya kuskura. Daga bakwai zuwa goma na safe, da biyar zuwa takwas na yamma, ka ƙaurace mata in kana da kaya, musamman tashar Pantitlán inda layi huɗu suka haɗu. 'Yan sane a bakin ƙofa suke aiki, lokacin da ake turereniyar shiga: ɗaya ya tokare ka ta gaba, ɗaya ya tura ta baya, na uku ya zare wayar. Aljihun gefe na kaftani, wanda yake buɗe kamar bakin buhu, kyauta ce gare su. Waya da kuɗi su zauna a aljihun ciki mai zif, jakar goyo kuma a dawo da ita ƙirji.

Da dare ko da kaya, ka kira mota ta Uber ko DiDi, ka gwada lambar motar da ta cikin waya kafin ka shiga. Tasin kan titi masu launin fari da ruwan hoda suna da yawa, amma baƙon da ba ya jin yaren gara ya bar su, ko ya sa otal ya kira masa. Kuma adireshi ba ya cika sai da sunan unguwa, wadda suke kira colonia. Titunan da ake kira Hidalgo ko Juárez ko Morelos ba su ƙirguwa a garin, kamar ka ce wa mai adaidaita sahu ya kai ka Layin Masallaci ka yi shiru. Unguwar Tepito da Doctores ba wurin yawon baƙo ba ne, balle bayan magariba. Lambar neman agaji 911.

Ni damuwata abinci da salla. Maigidana zai yi mako biyu a can. Me zai ci?

Hajiya, tambayarki ta fi kowacce muhimmanci, domin alade ya ratsa girkin ƙasar ta inda ido ba ya gani. Ga tarko na farko. Zai ga nama jere a jikin ƙarfe a tsaye yana juyawa gaban wuta, mai yanka yana shafto shi da doguwar wuƙa, sak shawarmar da ake sayarwa a Zoo Road. Sunansa al pastor, jan launi gare shi, da abarba a soke a samansa. Naman alade ne. Asalinsa daga Labanawan da suka yi ƙaura zuwa can ne, mutanen gari suka musanya rago da alade. Haka carnitas, chicharrón, cochinita, chorizo, longaniza, jamón da tocino, duk sunayen abu ɗaya ne a siffa daban-daban. Ki rubuta masa su a takarda.

Tarko na biyu kitsen alade ne, manteca. Da shi ake yawan kwaɓa tamales, wani abu mai kama da alala da ake yi da masara a naɗe a ganye, da shi ake soya dakakken wake, wani lokacin har cikin gurasarsu ta fulawa. A rumfunan bakin titi kuma naman sa da tsiren alade a kasko ɗaya suke iyo cikin mai ɗaya. Don haka cewa naman sa nake so bai wadatar ba. Ya koyi cewa sin puerco, ba alade, da sin manteca, ba kitse.

Abin da ya rage masa ba kaɗan ba ne. Kifi, pescado, da jatan lande, da ƙwai, da shinkafa, da gurasar masara wadda ba a sa mata kitse, da avocado, da gasasshiyar masara, da gwanda da mangwaro. Akwai gidajen abincin Indiyawa da 'yan Pakistan da Turkawa da ke sayar da naman halal, yawanci wajen Polanco da Roma, amma ya tambaya, don yawancin Labanawan can Kiristoci ne, sunan Larabci a allo ba shaidar yanka ba ce. Zai ga abin gida ma: agua de jamaica zoɓonmu ne, ba mamaki ma na Jigawa ko Kano ne ya riga shi isa, tamarindo kuwa tsamiya. Har soyayyar fara suna ci da barkono da lemon tsami. Ruwan famfo kada ya sha, na roba kawai, kuma ya yi hankali da yajinsu, koren yakan fi jan zafi.

Musulmi ba su kai dubu goma ba a duk ƙasar bisa ƙidayar 2020, don haka ba zai ji kiran salla ba. Ya sa jadawalin lokuta a waya. Ana Juma'a a cibiyar Musulmi da ke titin Euclides a unguwar Anzures, kusa da Polanco. Alƙibla kuma ba gabas ba ce kamar a Kano, arewa maso gabas ce. Ki sa masa ƙaramar buta da darduma a jaka, bayinsu ba a tanadi ruwan tsarki ba.

Mahaifina yana da hawan jini, kuma an ce ana girgizar ƙasa. Ya dace ya je?

Likitansa ne zai yanke, kuma abin da za ku gaya wa likitan shi ne tsayin garin: mita 2,240 sama da teku. Kano ba ta kai 500 ba, Jos da muke ganin tudu ce wajen 1,200 take. Iska ta fi siranta, don haka kwana biyun farko mai lafiya ma yakan ji haki a matakala, da ciwon kai, da barci mai yankewa. A sha ruwa da yawa, a rage sauri, kada a sa muhimmin zama a ranar sauka. Mai ciwon zuciya ko huhu ko sikila kada ya tafi sai da izinin likita. Magunguna su tafi a kwalinsu na asali tare da takardar asibiti. A ɗauki rigar sanyi, domin safiyar Disamba da Janairu ta fi ta hunturun Kano cizo, damina kuma daga Yuni zuwa Oktoba ce, ruwan yakan sauko da la'asar.

Girgizar ƙasa gaskiya ce. An gina garin a kan busasshen tafki, ƙasar tana da laushi, tana ƙara wa girgiza ƙarfi. Manya biyu da aka fi tunawa, ta 1985 da ta 2017, duka ranar 19 ga Satumba suka faɗo, kuma a wannan ranar ake atisaye duk shekara. Akwai lasifikoki a kan turakun titi da ke yin jiniya, wani lokacin kusan minti guda kafin girgizar ta iso in daga gaɓar teku ta taso. Wanda ke hawa na ƙasa ya fita zuwa koren tambarin da aka zana a ƙasa mai kibiyoyi huɗu, nan ne matattara. Wanda ke can sama ya nisanci taga ya tsuguna jikin ginshiƙi. Ba a shiga lif. Ku nema wa Baba ɗaki a hawa na ɗaya ko na biyu, takalmi da fasfo su kwana kusa da gado.

Wani eja ya ce in ba shi miliyoyi ya kai ni Meksiko, daga can a tsallaka da ni Amurka. Ya kuka gani?

Ɗan'uwa, kada ka ba shi. Bizar baƙunta ba ta ba ka izinin aiki ba, hanyar zuwa iyakar Amurka kuma tana hannun ƙungiyoyin masu safarar ƙwaya, waɗanda ke kama baƙi suna neman kuɗin fansa daga danginsu. A 2010 an kashe 'yan ci-rani 72 a garin San Fernando da ke arewacin Meksiko. A watan Maris na 2023 mutum 40 suka mutu a gobarar wurin tsare baƙi a Ciudad Juárez, a bakin iyakar. Ejan yana nan Kano lokacin da duk wannan zai same ka.

In na samu kwana ɗaya ko biyu ba aiki, ina zan leƙa?

Kada ka ware Litinin, yawancin gidajen tarihi a rufe suke. Ka fara da Zócalo, inda babban cocin da Sifaniyawa suka gina yake maƙwabtaka da kufan haikalin Aztek, mutanen da suka kafa garin a 1325 kafin a ci su da yaƙi a 1521. Ka lura da yadda tsofaffin gine-ginen suka karkace, ƙasar ce ke nutsewa da su. Gidan tarihin al'adu da ke dajin Chapultepec shi kaɗai ya isa wuni. Ɗan kasuwa kuma ya roƙi mai masaukinsa ya kai shi Central de Abasto da sassafe, kasuwar sari mai faɗin hekta fiye da 300, a nan zai ga nawa ake sayar da kilon zoɓon da ya baro Dawanau.

Dalar Teotihuacán, tsohon gini na dutse mai siffar dalar gyaɗa, tana da nisan kilomita 50 arewa maso gabas da birnin. Ka hau layi na 5, rawaya, ka sauka a Autobuses del Norte, ka shiga tashar mota ka nufi ƙarshen zauren ta hagu, wajen ƙofa ta 8, ka ce Pirámides. Tafiyar kimanin sa'a guda ce. Ka sayi tikitin zuwa da dawowa, ka isa kafin tara na safe, da hula da ruwa, don babu inuwa a filin kuma ranar kan tudu tana ƙuna ko ana sanyi. Ka tambayi direba ƙofar da ake jiran motar komawa da lokacin ta ƙarshe tun kafin ka sauka.